Wilhelm Rontgen: Malamin da ya buɗe wa likita ido a kan ƙashin baya

Idan aka garzayo asibiti da wanda mota ta kaɗe, ko wanda ya faɗo daga saman bene, akwai tambayar da likitan sashen gaggawa ke riƙe da ita a zuci tun kafin ya gama tsayar da jini: shin wuya da gadon baya lafiya suke? Karayar hannu ko ta ƙafa takan nuna kanta, wurin ya kumbura, gaɓar ta karkace. Ta ƙashin baya kuwa tana iya ɓuya, musamman idan mai raunin ya suma, ko raɗaɗin wani rauni ya ɗauke masa hankali daga gare ta. Mutum zai iya isowa yana motsa yatsun ƙafarsa, a cicciɓe shi ba bisa ƙa'ida ba, ƙashin da ya tsage ya goce ya danne laka, shi ke nan shi da takawa har abada. Abin da ke raba gardama a irin wannan hali shi ne hoto. Hasken da ake ɗaukar hoton da shi kuwa wani malamin jami'a ne a ƙasar Jamus ya gano shi ranar 8 ga Nuwamban 1895, sunansa Wilhelm Conrad Rontgen. Bai karanci likitanci ba, bai kuma taɓa duba majinyaci ba.

Sai an san yadda lamarin yake kafin zamaninsa za a gane girman abin da ya kawo. Gadon baya jeri ne na ƙananan ƙasusuwa 33, bakwai daga cikinsu a wuya, kuma laka ta ratsa ta tsakiyarsu tana kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Wata tsohuwar takardar likitanci ta Masar, wadda aka rubuta kimanin shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta bayyana mutumin da ƙashin wuyansa ya goce har hannuwa da ƙafafunsa suka mutu, ta kuma sanya shi cikin cututtukan da likita ba shi da abin yi a kansu. Fiye da shekara dubu uku bayan haka, likitan Turai bai fi maɗorin gargajiya kayan aiki ba a wannan fage. Dukansu da yatsa suke lalube, su tambayi mai rauni inda yake jin zafi, saura kuma kintace. Sau da yawa gaskiyar karayar ba ta bayyana sai an buɗe gawa.

Ɗalibin da aka kora

An haifi Rontgen ranar 27 ga Maris, 1845, a garin Lennep da ke yammacin Jamus. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai harkar yadi, kuma shi kaɗai ne ɗa a gidan. Yana da shekara uku iyayensa suka koma Apeldoorn a ƙasar Holan, inda mahaifiyarsa ke da dangi, a can ya tashi.

A 1862 ya shiga makarantar koyon fasaha ta Utrecht, kuma a nan ne ya gamu da abin da ya kusa yanke masa karatu. Labarin da ya shahara shi ne wani ɗalibi ya yi zanen barkwanci na wani malami, aka kama Rontgen da laifin, ya ƙi faɗin wanda ya zana, aka kore shi. Ya fita ba shi da takardar shaidar kammala sakandare, ita ce kuwa mabuɗin kowace jami'a a Holan da Jamus. Ya ɗan zauna a Jami'ar Utrecht yana sauraron darasi a matsayin baƙo, har ya ji cewa kwalejin fasaha ta Zurik a ƙasar Suwizalan ba ta sharɗanta wannan takarda ba. Ya isa can a 1865, ya kammala karatun injiniyan injina a 1868, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Zurik a 1869.

Abu biyu ya samu a Zurik waɗanda suka bi shi har ƙarshe. Na farko malaminsa ne, August Kundt, wanda ya janye shi daga injiniyanci zuwa kimiyyar fiziks ya kuma ɗauke shi mataimaki. Na biyu Anna Bertha Ludwig ce, 'yar mai wani gidan cin abinci da ɗalibai ke taruwa, wadda ya aura a watan Janairun 1872. Ba su haihu ba, daga baya suka ɗauki 'yar ɗan'uwanta, Josephine, suka riƙe.

Ya bi Kundt zuwa Jami'ar Wurzburg, sai tsohuwar matsala ta sake tasowa. Jami'ar ta hana shi matakin da zai ba shi izinin koyarwa, saboda dai rashin waccan takarda ta sakandare. Sai a Strasbourg ya sami izinin a 1874. Daga nan ya koyar a Hohenheim, ya dawo Strasbourg, ya zama farfesa a Giessen a 1879. A 1888 Jami'ar Wurzburg, wadda ta rufe masa ƙofa a da, ta aika masa da goron gayyata ya zo ya shugabanci sashen fiziks, daga baya kuma ta zaɓe shi shugabanta.

Mutum ne mai ƙarancin magana, mai tsantseni wajen awo, wanda ya fi son ya haɗa kayan gwajinsa da hannunsa ya kuma yi aiki shi kaɗai. Ɗalibai ba su ɗauke shi malami mai daɗin saurare ba. Bincikensa ya shafi zafin iskar gas da halayen duwatsun ƙarau da matsin ruwa, abubuwan da masana ke girmamawa amma ba mai jin labarinsu a kasuwa. Hutunsa kuwa hawan duwatsun Suwizalan ne da farauta.

Mako bakwai a ɗakin gwaji

A wancan lokaci masana da dama suna gwaji da wata kwalbar gilashi da aka zuƙe kusan dukan iskar cikinta, ana tura mata wutar lantarki mai ƙarfi don a ga abin da ke gudana a ciki. Da yammacin Juma'a, 8 ga Nuwamba, Rontgen ya lulluɓe irin wannan kwalba da baƙin kwali, ya kashe fitila, ya kunna wutar don ya tabbatar babu hasken da ke tsirgowa. Kwalin bai yoyo ba. Amma can gefe, nesa kaɗan da kwalbar, wata takarda da ya shafa wa sinadari mai ƙyalli ta soma walƙiya. Ya kashe wuta, walƙiyar ta ɗauke. Ya sake kunnawa, ta dawo. Wani abu da ido ba ya gani yana ratsa kwalin yana tsallaka ɗaki.

Akan ce sa'a ce, kuma akwai sa'a a ciki. Sai dai wasu masana kafin shi sun riga sun tarar da farantan ɗaukar hotonsu sun lalace a kusa da irin wannan kwalba, suka ɗora laifin a kan farantan suka wuce. Rontgen ya ƙi wucewa. Mako bakwai ya yi kusan a kulle, yana ci yana kwana a ɗakin gwaji, bai gaya wa abokan aikinsa abin da yake ciki ba. Ya sa littafi mai shafi kusan dubu tsakanin kwalbar da takardar, hasken ya ratsa. Ya sa katako, ya ratsa. Ya sa farantin alminiyam, ya ragu amma bai ɗauke ba. Dalma mai kaurin milimita ɗaya da rabi ce ta tare shi kusan gaba ɗaya. Yana cikin riƙe abubuwa a gaban hasken ne ya ga inuwar ƙasusuwan yatsunsa a cikin wata inuwa mai haske ta naman hannunsa. Dalilin a bayyane yake ga mai awo irinsa: abu mai nauyi da cunkoso ya fi tare hasken, ƙashi kuwa ya fi tsoka cunkoso, don haka inuwarsa ta fi fitowa. Da yake bai san ko mene ne wannan haske ba, sai ya laƙaba masa harafin X, wanda masu lissafi ke sa wa abin da ba a sani ba. Daga nan sunan eksire ya samo asali.

Ranar 22 ga Disamba ya kira matarsa ta ɗora hannunta a kan farantin hoto na kimanin minti 15. Abin da ya fito shi ne ƙasusuwan hannu da zobe kamar yana shawagi a yatsa. Ranar 28 ga wata ya miƙa wa ƙungiyar masana fiziks da likitanci ta Wurzburg gajeriyar maƙala mai shafi kusan goma, ranar 1 ga Janairun 1896 kuma ya aika wa abokansa masana kwafinta tare da hotuna. Ranar 5 ga wata jaridar Die Presse ta birnin Biyana ta buga labarin a shafin farko, waya ta kai shi Landan da Amurka cikin kwanaki. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya kira shi Balin ya gani da idonsa. Ranar 23 ga Janairu, a gaban taron masana a Wurzburg, ya ɗauki hoton hannun dattijon masanin sassan jiki Albert von Kolliker, wanda a nan take ya ba da shawarar a sa wa hasken sunan Rontgen. Har yau da wannan suna Jamusawa ke kiransa.

A nan ne ya yanke shawarar da, a ganina, ta kai binciken kansa muhimmanci. Kamfanin lantarki na AEG ya tuntuɓe shi a kan a yi wa abin rajistar haƙƙin mallaka a riƙa cin riba tare. Ya ƙi, bisa ra'ayinsa na cewa abin da malamin jami'a ya gano na kowa ne. Ɗan mai sayar da yadi ne, ya san darajar haja, ba rashin sanin kasuwa ya sa ya bar ta ba. Sakamakon ƙin nasa shi ne duk ɗakin gwajin da ke da kwalba da injin wuta ya iya haɗa tasa na'urar ba tare da neman izinin kowa ba. A shekarar 1896 kaɗai an buga maƙaloli fiye da dubu a kan sabon hasken. Shi kansa uku kacal ya rubuta, ta ƙarshe a 1897, ya koma kan duwatsun ƙarau ɗinsa.

Daga Adwa zuwa Omdurman

Masu rauni ne suka fara cin moriya. A farkon Fabrairun 1896, a kwalejin Dartmouth ta Amurka, an ɗauki hoton karayar wuyan hannun wani yaro da ya faɗi a kan ƙanƙara. Bayan da Habashawa suka fatattaki rundunar Italiya a Adwa ranar 1 ga Maris na wannan shekara, wani likitan soja a Naples, Giuseppe Alvaro, ya yi amfani da hasken ya gano harsasai a hannuwan sojojin da aka dawo da su. A 1898, lokacin da Turawan Ingila suka yaƙi daular Mahadi a Sudan, Manjo John Battersby ya kafa na'ura a asibitin soja na Abadiya a bakin kogin Nilu. Babu lantarki a wurin, sai aka haɗa ƙaramin injin wuta da keke mai mazauni biyu, sojoji suna tuƙawa cikin zafin rana don a cika batura. Da shi aka duba waɗanda suka ji rauni a yaƙin Omdurman, wato na ɓangaren masu mamaya. Dubban mayaƙan Mahadi da aka bari kwance a fagen fama ba su ga wannan na'ura ba.

Ƙashin da ya fi ɓuya

Hannu da ƙafa sun ba da kai ga sabon hasken cikin sauƙi, amma gadon baya ya yi gardama. A watan Nuwamban 1896, wani matashin likita a asibitin Johns Hopkins na Baltimore, Harvey Cushing, wanda daga baya ya zama jigo a tiyatar ƙwaƙwalwa, ya ɗauki hoton wuyan wata mata da aka harba da bindiga, ya ga harsashin maƙale a ƙashin wuya. Sai da ta kwanta ba motsi fiye da rabin awa kafin hoton ya fito. Harsashi kuwa dalma ne, ganinsa ba wuya. Ganin siririyar tsaga a cikin ƙashi wani abu ne daban.

Matsalar tana cikin yanayin hoton kansa. Eksire inuwa ce, duk abin da hasken ya ratsa daga gaba zuwa baya a kan faranti ɗaya yake taruwa, wani bisa wani. A yatsa babu abin da zai shiga tsakani. Gadon baya kuwa yana binne a tsakiyar jiki. Muƙamuƙi da haƙora suna rufe ƙasusuwa biyu na saman wuya, shi ya sa ake sa mutum ya buɗe baki a ɗauki hoton ta ciki, abin da sumamme ba zai iya ba. Kafaɗu suna rufe inda wuya ya haɗu da baya, wurin da karaya ke yawan aukuwa. Ƙasa da nan ga haƙarƙari da zuciya da kayan ciki. Jiki mai kauri kuma yana warwatsa hasken, hoton ya fito kamar an ɗauke shi cikin hazo.

An rage waɗannan matsaloli a hankali, Rontgen yana raye amma ba da hannunsa ba. A 1913 William Coolidge na kamfanin General Electric ya ƙera kwalbar da ake iya saita ƙarfinta yadda ake so. A wannan shekara Gustav Bucky a Balin ya ƙirƙiro ragar dalma mai tace warwatsattsen haske, daga baya Hollis Potter na Chicago ya sa ragar tana motsi don kada layukanta su fito a hoto. Da waɗannan aka fara samun hoton gadon baya ta gefe wanda za a iya dogaro da shi. A 1920 likitan tiyata na Ingila Geoffrey Jefferson ya bayyana yadda ƙashin farko na wuya ke tarwatsewa idan nauyi ya faɗo a tsakiyar kai, karayar da har yau ake kira da sunansa.

Duk da haka inuwa inuwa ce. Wanda ya warware ƙullin shi ne Godfrey Hounsfield, injiniya a kamfanin EMI na Birtaniya, kusan rabin ƙarni bayan rasuwar Rontgen. Na'urarsa ta CT tana zagaya jiki da hasken eksire ɗin dai, tana auna shi ta kusurwoyi masu yawa, kwamfuta ta haɗa awon ta fito da jiki yanka-yanka, ta yadda kafaɗa ko muƙamuƙi ba su rufe komai. An fara gwada ta a kan majinyaciya a asibitin Atkinson Morley na Landan a watan Oktoban 1971, kuma a 1979 Hounsfield ya raba kyautar Nobel da Allan Cormack. Wani nazari da aka buga a 2005, wanda ya tattara bincike da dama a kan masu mummunan rauni, ya nuna hoton eksire na yau da kullum yana gano kashi 52 cikin 100 ne kawai na raunukan ƙashin wuya, CT kuwa kashi 98. Wannan ne ya sa a manyan asibitoci ake ɗaure wuyan mai mummunan rauni, a kwantar da shi miƙe, a juya shi gaba ɗaya kamar gungume idan ta kama, har sai CT ta wanke shi. Idan ana zargin laka ko jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwan sun taɓu, sai a koma ga MRI, wadda ita da maganaɗisu take aiki. A asibitin da babu CT kuwa, kamar yawancin ƙananan asibitocinmu, ƙwararren likita ba ya sakin jiki don kawai hoton eksire bai nuna komai ba.

Ƙarshen rayuwa

Hasken da ya ceci rayuka ya ci na wasu. Masu aikin farko da hannunsu suke gwada ƙarfin kwalba, ba su san yana ƙona nama a hankali ba. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison, ya rasa hannuwansa biyu sannan sankara ta kashe shi a 1904. John Hall-Edwards na Birmingham, ɗaya daga cikin likitocin farko da suka yi aiki da hasken a Ingila, an yanke masa hannun hagu a 1908. A 1936 aka kafa dutsen tunawa a wani asibiti a Hamburg ɗauke da sunaye 169 na waɗanda aikin ya halaka. Rontgen ya tsira, domin ya saba yin gwajinsa daga cikin wani akwati na tutiya da aka ƙara wa dalma, wanda ya gina don ya tare hasken rana daga farantansa.

A 1900 ya koma Jami'ar Munik. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta fiziks, shi ne na farko da ya taɓa samunta. Ya je Stockholm ya karɓa, ya dawo bai gabatar da laccar da ake tsammani ba, kuɗin kuma ya sadaukar ga Jami'ar Wurzburg. Masarautar Bavaria ta ba shi lambar girma mai ɗauke da damar shiga sahun masu sarauta, ya karɓi lambar ya bar sarautar. Shahara ba ta yi masa daɗi ba. Philipp Lenard, wanda ya riga shi yin gwaji da irin waɗannan kwalabe, ya rayu yana ganin an ƙwace masa haƙƙi, ga kuma jita-jitar da aka riƙa yaɗawa cewa wani mataimaki ne ya fara ganin walƙiyar. Rontgen bai tanka a bainar jama'a ba, sai dai ya ƙara janye jiki daga mutane.

Rayuwarsa ba ta rasa tabo ba. A 1914 yana cikin masana da marubuta 93 na Jamus da suka sa hannu a takardar kare matakin sojan ƙasarsu a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, abin da ya yi nadamarsa daga baya. A ɗaya ɓangaren fagen daga kuwa, Marie Curie ta haɗa wa Faransa motoci kusan 20 masu ɗauke da na'urar eksire, suna bin asibitocin bakin daga suna nemo harsasai da karaya a jikin sojojin da bindigogin Jamus suka raunata.

Matarsa Bertha ta rasu a watan Oktoban 1919 bayan doguwar jinya. Ya yi ritaya a 1920. Hauhawar farashin da ta biyo bayan yaƙi ta cinye abin da ya tara, ta kuma mayar da kuɗin Nobel da ya bar wa jami'a tamkar takardar banza. Ya rasu a Munik ranar 10 ga Fabrairu, 1923, yana da shekara 77, sakamakon sankarar hanji. An binne tokarsa a Giessen kusa da matarsa da iyayensa. A wasiyyarsa ya umarci a ƙone takardunsa na bincike da wasiƙunsa, masu zartar da wasiyyar kuma suka cika umarnin, aka ƙone mafi yawansu.